Nikolai Vavilov: Mai taskace iri da yunwa ta kashe

Manomin shinkafa a Shanono ko a gefen madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai ya san cewa amfanin gona daga iri yake farawa.

Su ma masanan da ke samar da sabon iri sai sun zaɓi iyayensa, domin halin da babu shi a jikin iyaye da kakanni da wuya ya bayyana a jikin ɗa.

Mutumin da ya sadaukar da rayuwarsa wajen tara irin waɗannan iyaye shi ne Nikolai Vavilov, masanin tsirrai ɗan ƙasar Rasha, wanda aka haifa a birnin Mosko a 1887.

Vavilov ya yi imanin cewa idan aka dogara da iri ƙalilan masu dangantaka ta kusa, cuta ɗaya ko fari ɗaya na iya shafe gonakin ƙasa baki ɗaya.

Don haka ya zagaya nahiyoyi biyar, har da ƙasar Habasha a 1927, yana karɓar iri daga hannun ƙananan manoma.

Ya zuwa 1940, cibiyarsa da ke Leningrad ta tara samfurin iri fiye da 200,000.

Sai dai ya samu saɓani da Trofim Lysenko, wanda ya ƙaryata ilimin gadon halitta, kuma yake da goyon bayan Stalin.

An kama Vavilov a 1940, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 20.

Yunwa ce ta kashe shi a kurkukun Saratov ranar 26 ga Janairun 1943. An wanke sunansa a 1955.

A lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Leningrad ƙawanya, ma'aikatansa sun ƙi cin irin da suke gadi. Dmitri Ivanov, mai kula da sashen shinkafa, ya mutu da yunwa a tsakiyar dubban ƙunshin shinkafa.

Tunanin Vavilov ya yi aiki a Afirka ta Yamma a shekarun 1990, lokacin da Monty Jones ɗan Saliyo da abokan aikinsa na cibiyar WARDA suka haɗa shinkafar Afirka mai juriya da ta Asiya mai yawan yabanya.

Daga nan aka samu NERICA, wadda ɗaya daga cikin nau'o'inta ya shigo Najeriya da sunan FARO 55.