Marigayi Alhaji Aliyu Namangi, Mai Imfiraji

Mu da muka baro gida muka zauna a nan, da wuya a sami wanda bai taɓa jin makafi suna rera Imfiraji a bakin kasuwa ba. Mai waƙar, Aliyu Namangi, mutumin ƙasar Zazzau ne, ya makance tun yana ƙarami. Karatunsa duk da kunne ya yi shi: malami ya karanta, shi ya riƙe. Kunnen nan ne ya kama masa karin kiɗan caji, ya ɗora wa'azi a kai, baiti bai karye ba, Hausa ba ta gurgunce ba. Yaranmu na nan masu Hausa rabi-rabi, irin wannan sauraro suka rasa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a 1990, Allah ya jiƙansa.