Marigayi Alhaji Audu Bako, Ɗan Sandan Da Ya Kawo Wa Kano Ruwa

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, duk wanda ya taɓa sauke kwandon tumatir na Kadawa a kasuwar Mile 12, to ya taɓa aikin Audu Bako da hannunsa, ko ya sani ko bai sani ba.

An haife shi a Kaduna cikin 1924, ɗan barikin 'yan sanda ne, mahaifinsa ma ɗan sanda. Shi kuma ya shiga aikin cikin 1942.

A da, Kano lardi ce kawai a ƙarƙashin Jihar Arewa. Gyadarta ta cika dala, amma babban aiki sai abin da Kaduna ta yanke. Ran 27 ga Mayu, 1967, Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12, Arewa ta sami shida. Aka naɗa Audu Bako Gwamnan Jihar Kano na farko, wadda ta haɗa masarautun Kano, Haɗejiya, Gumel da Kazaure.

Bai riƙe ikon duka a birni ba. Ya karkasa jihar zuwa yankunan mulki takwas, har garuruwa irin su Rano da Gwarzo da Birnin Kudu suka zama hedkwata. A zamanin nan ne kuma 'yan doka da kotuna da gidajen yari suka fita daga hannun En'e. Ba kowa ne a fada ya ji daɗin haka ba.

Amma babban aikinsa ruwa ne. Ya fara da madatsar Bagauda, sannan ta Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka fara cikin 1971 aka gama cikin 1974, daidai lokacin da fari ya ƙone Arewa. Daga Tiga aka ja ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Manomin da ya saba tafiya cin rani Kurmi da zarar an gama kaka, sai ga shi yana noman alkama da tumatir a gonarsa da rani. Gidan Zoo na Kano ma shi ya gina.

Sai dai fa ruwan da aka tare a sama, na ƙasa ne suka rasa. An ta da ƙauyuka a wurin da tafkin Tiga ya mamaye, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗejiya da Nguru kuma ta ragu, masunta da makiyaya suka sha wuya. Nguru ma ba a cikin jiharsa take ba, balle ta kai masa kuka.

Ya sauka cikin Yuli, 1975, bayan juyin mulkin da ya kawo Murtala Muhammad. Ya koma noma, ya rasu cikin 1980. Allah ya jiƙansa. Cikin 1991 aka cire Jihar Jigawa daga Kano, Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Birnin Kudu suka koma ƙarƙashin Dutse.