Ida Cannon: Matar da ta sama wa jami'an walwala gurbi a asibiti

A manyan asibitocin ƙasar nan akwai wani ofis da ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da kuɗin magani ya gagara, ko aka kwantar da majinyacin da ba shi da mai jinya. Shi ne ofishin jami'an walwalar jama'a. Tarihin wannan aiki, da yadda ya zama fannin da ake karantawa har digiri na biyu, ba ya cika sai an ambaci Ida Maud Cannon, Ba'amurkiyar da ta yi kusan shekara arba'in tana gina shi.

An haife ta ranar 29 ga Yuni, 1877 a birnin Milwaukee, ta tashi a St. Paul da ke jihar Minnesota, inda mahaifinta yake aiki a kamfanin jirgin ƙasa. Tana 'yar shekara huɗu mahaifiyarta ta rasu. Yayanta, Walter Cannon, daga baya ya shahara a Jami'ar Harvard a fannin nazarin yadda sassan jikin ɗan Adam suke aiki.

Ida ta kammala karatun jinya a 1898. Bayan ta yi aiki a wata makarantar masu larurar ƙwaƙwalwa, sai ta karanci ilimin zamantakewa a Jami'ar Minnesota, sannan ta zama ma'aikaciyar jinya mai bin marasa lafiya gida-gida a unguwannin talakawa. A nan ta ga abin da likita ba ya gani daga kujerarsa: a rubuta wa mutum hutu alhali idan bai fita ba iyalinsa ba za su ci ba, ko a umarci mai tarin fuka ya riƙa shan iska mai tsabta alhali shi da iyalinsa ɗaki guda suke kwana.

A daidai wannan lokaci, wani likita a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston, Dokta Richard Cabot, yana fama da irin wannan damuwa. Majinyata suna zuwa a duba su, su koma cikin halin da ya jawo musu ciwon, su sake dawowa. A 1905 ya ɗauki wata ma'aikaciyar jinya, Garnet Pelton, yana biyan ta daga aljihunsa, domin ta riƙa binciko masa yanayin rayuwarsu. Ba ta daɗe ba tarin fuka ya kama ta, ta ajiye aikin. Shekaru goma kafin nan, a 1895, Asibitin Royal Free da ke Landan ya ɗauki Mary Stewart a kan aiki mai kama da wannan, sai dai babban nauyinta shi ne tantance waɗanda suka cancanci magani kyauta.

A 1906 Ida ta koma Boston, ta shiga makarantar horar da jami'an walwala wadda Kwalejin Simmons da Harvard suka kafa a 1904. Ta fara taimaka wa Cabot a kyauta, ta zama cikakkiyar ma'aikaciya a 1907, shekara guda bayan haka aka ba ta jagorancin sashen.

Likitoci da yawa ba su yi maraba da su ba. An tsayar da su a ɓangaren masu zuwa ganin likita su koma gida, sai a 1914 aka amince su shiga ɗakunan kwantar da marasa lafiya. Kuɗin gudanar da sashen ma daga gudummawar jama'a yake fitowa har zuwa 1919, lokacin da asibitin ya karɓe shi a hukumance. Ida ba ta ja da likitoci ba. Ta bar su suna ganin bambanci tsakanin majinyacin da aka bi sawunsa har gida da wanda aka sallama kawai, har su da kansu suka fara aiko wa sashenta da mutane. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinta shi ne horo. A ganinta tausayi kaɗai bai isa ya riƙe wannan aiki ba. Dole jami'in walwala ya san cuta da yadda take tafiya, ya fahimci bayanin likita, ya san halayyar mutane da dokoki da hanyoyin samun tallafi. Don haka a 1912 ta haɗa kai da makarantar da ta yaye ta aka buɗe kwas na musamman na shekara guda, inda ɗalibai suke haɗa darasin aji da aiki a asibiti ƙarƙashin kulawar ƙwararru. A 1913 ta wallafa littafinta Social Work in Hospitals, wanda ya zama jagora ga asibitocin da suke son buɗe irin wannan sashe. A 1918 tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar jami'an walwala na asibitocin Amurka, ta kuma shugabance ta daga 1920 zuwa 1922. Daga 1939 ƙungiyar makarantun wannan fanni a Amurka ta wajabta wa mambobinta karatun shekara biyu a matakin digiri na biyu. Ɗaliban likitanci ma ta sa an riƙa koya musu duba halin zaman majinyaci.

Ta yi ritaya a 1945, ta wallafa On the Social Frontier of Medicine a 1952, ta rasu a watan Yulin 1960 tana da shekara 83.

Darasinta ya shafe mu kai-tsaye. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje. Maganin da aka ba yaran ba zai yi amfani ba muddin za su koma kan ƙasar da ta gurɓata, sai da aka kwashe ƙasar, aka kuma zauna da iyaye a kan yadda za su fitar da sana'ar daga gida. Haka ma majinyacin da aka turo daga Bilbis a Ƙaramar Hukumar Tsafe, ko daga ƙauyukan Bunguɗu, zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau: kuɗin mota da tsoron hanya da rashin masauki suna iya hana shi dawowa ranar da likita ya sa masa.

Jami'ar Ibadan da ta Najeriya da ke Nsukka suna ba da digiri na biyu a wannan fanni. Abin da ya rage ga gwamnatocin jihohin Arewa shi ne su tura ma'aikatansu karatun, su tanadar musu gurbi da albashi a kowane babban asibiti, su kuma ba su damar shiga ɗakunan majinyata tare da likitoci, kamar yadda Ida Cannon ta samo wa nata ma'aikatan fiye da shekara ɗari da suka wuce.