Muhammadu Rumfa: Sarkin da ya kafa wa kansa majalisa

Duk ranar da na taso daga gidana a Barnawa, na ƙetare gadar Kogin Kaduna, na bi ta gaban Lugard Hall, inda Majalisar Sarakunan Arewa ta riƙa zama har zuwa juyin mulkin 1966, nakan tuna da masu cewa wai Bature ne ya koya mana mulki da shawara. Amsata gare su ita ce tarihin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa.

Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne. Ya hau gadon sarauta a 1463, ya yi shekara 36 yana mulki, ya rasu a 1499, ɗansa Abdullahi ya gaje shi. Shi ne ya gina fadar da har gobe ake kira Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa aka fara busa wa sarki kakaki. Ya yi shekara 11 yana yaƙi da Katsina ba tare da wani ya rinjayi wani ba. A fadarsa ne Shaihu Al-Maghili, malamin nan na Tilimsan, ya sauka, har ya rubuta masa littafi kan wajiban da ke wuyan sarakuna.

Amma a ganina, babban aikinsa shi ne kafa Tara ta Kano, wato majalisar manyan masu sarauta tara, irin su Galadima da Madaki da Wambai, waɗanda sarki kan zauna da su kafin ya zartar da babban al'amari. Kada mai karatu ya ɗauka majalisar talakawa ce, domin kuwa ba wanda ya zaɓe su. Hasali ma Rumfa ya ɗora babanni a kan manyan muƙamai, abin da ya rage ƙarfin 'ya'yan sarauta. Duk da haka manyan fada sun yi haƙora. A 1652 Madawaki Kuma ya tuɓe Sarki Kukuna ya naɗa Soyaki, bayan wata uku sauran manya suka haɗu suka tuɓe Soyakin, Kukuna ya dawo.

Irin wannan tsari ba Kano kaɗai ta san shi ba. A Ingila ta dā, sarakuna kan tara manyan limaman coci da hakimai a wani taro da ake kira Witan, a yi doka, a raba filaye. A 1014 waɗannan manya ba su yarda Sarki Ethelred ya dawo daga gudun hijira ba, sai da ya yi alkawarin zai fi yin adalci. Turawa sun riƙe wannan tarihi suna alfahari da shi, mu kuwa mun bar namu a bakin maroƙa.

Abin da ke damuna shi ne, a yau muna da majalisu zaɓaɓɓu, masu gine-gine da motoci da alawus, amma nawa ne daga cikinsu ke iya duban gwamna su ce masa a'a? Rumfa, wanda ba a zaɓa ba, ya gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shugaban da ya mayar da majalisarsa 'yar amshin shata, kansa ya cuta tun kafin ya cuci talaka, don ranar da zai kauce hanya babu mai ja masa riga.

Allah Ya ji ƙan Rumfa, Ya ba shugabanninmu mashawarta masu faɗin gaskiya, amin.