Tarihin Malam Aminu Kano, Wanda Bai Ci Ladan Kuturu Ba

 Wannan taƙaitaccen tarihi ne na Malam Aminu ɗan Malam Yusufu, mutumin Kano, Allah ya jiƙansa, tare da bayanin yadda ya tsaya wa talaka a zamanin da masu mulki da manyan kamfanoni suke cin tuwo a akushi ɗaya.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ran 9 ga Agusta 1920, watau shekara ta 1338 daga Hijira. Gidansu gidan malanta ne da alƙalanci, na Fulani Genawa. Mahaifinsa mufti ne a kotun alƙali, mahaifiyarsa kuwa, Malama Rakiya, ita ma mai karatu ce. Ya yi allo tun yana ƙarami, sa'an nan ya shiga makarantar boko, ya yi Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda daga baya aka mayar Zariya ta zama Barewa. Ya gama a 1942, aka tura shi Bauci koyarwa.

Ba za a gane aikinsa ba sai an san ƙasar da ya buɗe ido ya tarar. Nasara ya fara shigowa ƙasar nan da ciniki kafin mulki. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba Kamfanin Neja izni ya yi mulki a bakin Kwara da Binuwai, yana da sojansa da kotunsa, har ya ci Bida da Ilori da yaƙi a 1897. Lugga kansa ya yi wa kamfanin aiki kafin ya zama Gwamna. Ran 1 ga Janairu 1900 gwamnati ta karɓi mulkin, ta biya kamfanin fam 865,000, ta kuma yarda a riƙa ba shi rabin kuɗin da ake karɓa kan haƙar ma'adinai a wani babban yanki na Arewa har shekara 99. A shekarar da aka haifi Malam Aminu ne kamfanin sabulu na Lever ya saye Kamfanin Neja, a 1929 kuma aka haɗa shi da wani ya zama UAC. Majalisar dokoki da aka kafa a Ikko bisa tsarin 1922 tana da kujerar Turawan banki, da ta masu jiragen ruwa, da ta masu haƙar ma'adinai, da ta Turawan ciniki na Kano, alhali kuwa babu ɗan Arewa ko ɗaya a cikinta sai 1947.

Ga yadda abin yake sauka a kan talaka. Tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya da Kano a 1911, gyaɗa da auduga suka zama hanyar samun kuɗi. Haraji kuwa da kuɗi ake biyansa, kuma da kaka ake tara shi. Saboda haka manomi ba shi da ikon ajiye amfaninsa ya jira farashi ya tashi, domin dagaci yana ƙofar gida, ɗan baranda yana bakin sikeli. Kamfanonin sukan haɗa baki su yanke farashi ɗaya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta raba iznin saye bisa gwargwadon abin da kowa ya saba fitarwa, sai rabon ya tafi ga manyan kamfanonin Turawa. Da aka kafa hukumomin cinikin gyaɗa da auduga a 1949, su ne dai manyan wakilan saye. Dattawan Tudun Wada ta Zariya, unguwar da aka yanka a bayan ganuwa don baƙi 'yan Arewa, malamai da fatake da ma'aikata, sun ga wannan da idonsu, gama audugar ƙasar Zazzau injin gurza na kamfanin BCGA take nufa.

A Bauci Malam Aminu ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya taɓa koyarwa a Zariya, malami ne masanin Alƙur'ani da fiƙihu. Suka riƙa zaman muhawara kan mulkin En'e har hukuma ta tsorata ta rufe zaman. A 1946 aka tura shi Landan ƙarin ilmi. Da ya komo ya tsaya aka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, shi ne sakatarenta. Aka mayar da shi Maru a ƙasar Sakkwato. Ran 8 ga Agusta 1950 waɗansu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Kafin shekarar ta ƙare Malam Aminu ya ajiye aikin gwamnati da albashinsa ya bi su, a 1953 kuma ya zama shugabansu.

Galibin faɗansa da mulkin En'e ne, domin ita ce hannun da talaka ke ji a wuyansa: haraji da jangali, da aikin tilas, da kotun da ba ta iya saɓa wa fada. Amma fa wanda ya taɓa haraji ya taɓa igiyar da ke jan manomi zuwa sikelin kamfani. Hujjojinsa daga littattafan Shehu Usmanu da Malam Abdullahi na Gwandu yake ɗebo su, inda suka yi bayanin haramcin cin hanci da karɓar dukiyar talakawa ba bisa shari'a ba, da wajabcin adalci a kan shugaba. Don haka ne waɗanda suka fara amsa kiransa su ne malaman allo da gardawa, da ƙananan 'yan kasuwa, da maɗinka da mahauta da marina, mutanen da ba su cin albashin kowa. Da sisi da taro da suke tarawa aka riƙe jam'iyyar. A Zariya ta sami mutane masu ƙarfin zuciya, cikinsu har da Hajiya Gambo Sawaba ta Sabon Gari, wadda aka ɗaure sau da yawa.

Sun sha wuya ƙwarai. An yi musu bulala, an ɗaure su, an kori waɗansu daga garuruwansu. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun ci matakin farko a Kano, amma zaɓen hawa hawa ne, kuma En'e tana da ikon cusa nata mutane a tsakiya, sai ba wanda ya kai majalisa. Malam Aminu bai shiga majalisar tarayya ba sai 1959, ya kuma rasa kujerar a 1964. Ya dage kan a ba matan Arewa ƙuri'a tun ana yi masa dariya, bai kuwa mutu ba sai da ya ga sun jefa ta.

Daga 1967 zuwa 1974 ya riƙe muƙamin kwamishina a gwamnatin Janar Gowon, da farko na sadarwa, daga baya na lafiya. A cikin waɗannan shekaru kuɗin man fetur suka fara malala, a 1972 kuma aka yi dokar mayar da hannun jarin kamfanonin baƙi ga 'yan ƙasa. Dokar ta rage ƙarfin baƙi, amma galibin hannun jarin ya faɗa hannun masu kuɗi da masu kusanci da hukuma, sai aka sami sababbin attajirai waɗanda arzikinsu ya rataya ga kwangila da lasin shigo da kaya. Mutane da yawa sun shiga ofis a lokacin sun fito da gidaje da hannun jari. Malam Aminu ya fito ya koma gidansa na Gwammaja kamar yadda ya bar shi, ya ci gaba da tafsirinsa na watan azumi.

Da aka buɗe siyasa a 1978 ya zauna da waɗanda suka kafa NPN, da ya ga inda aka dosa sai ya janye, aka kafa PRP, jam'iyyar da ta yi kira kada manyan hanyoyin arzikin ƙasa su zama mallakar 'yan tsiraru. Bai ci shugabancin ƙasa a 1979 ba, amma jam'iyyarsa ta ci gwamnan Kano, Alhaji Abubakar Rimi, da na Kaduna, Alhaji Balarabe Musa, lokacin Zariya da Katsina duk suna cikin jihar Kaduna. Gwamnonin nan biyu suka soke haraji da jangali, abin da aka yi kusan shekara 30 ana nema. Sai dai daɗin bai daɗe ba. Jam'iyyar ta rabu biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, gwamnonin suka saɓa da Malam, majalisar Kaduna kuma, wadda 'yan NPN suka fi yawa a cikinta, ta tsige Balarabe Musa a Yuni 1981. Wannan rabuwa ta raunana aikin ƙwarai, kuma har yau almajiransa suna saɓani kan wanda ke da gaskiya.

Allah ya karɓi ransa ran 17 ga Afrilu 1983, cikin Rajab na 1403, yana da shekara 62. Aka binne shi a gidansa, wanda ake kira Mambayya, Jami'ar Bayero ta mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. An sa sunansa a filin jirgin sama na Kano da babban asibitin koyarwa.

Abin lura ga malamai da 'yan kasuwa shi ne, Malam Aminu bai ƙi ciniki ba, 'yan kasuwa ne ma suka riƙe shi. Abin da ya ƙi shi ne mai dukiya ya sayi mai hukunci. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Shugaban da attajiri ko kamfani ya ɗauki nauyin zaɓensa ba zai iya raba gardama tsakanin wannan attajiri da mai tallan kan tebur ba, malamin da ya karɓi kujerar Makka daga hannun azzalumi kuwa harshensa zai yi nauyi a kan mumbari. Saboda haka duk wanda ya zo neman ƙuri'a, ya kamata a tambaya wa ke biyan kuɗin motocinsa, kafin a saurari alkawarinsa.

Allah ya gafarta wa Malam Aminu kurakuransa, ya saka masa da alheri, ya ba ƙasar nan shugabanni masu tsoronsa. Amin.