Nana Asma'u da 'Yan Taru: Aikin da bai mutu da mai shi ba

Shekara uku ke nan da na buɗe ajin yamma na matan zangonmu, bayan na taso daga makarantar da nake koyarwa. Mun fara da mata bakwai a zaure, yau sun haura arba'in, wasu unguwannin ma suna ta aiko mini in je in buɗe musu. To amma ni kaɗai ce fa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ranar babu karatu. Wannan damuwa ce ta mayar da ni ga tarihin Nana Asma'u.

An haife ta a Degel wajen 1793, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙi da yunwa da idonta. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta bar ayyuka kusan sittin. Mijinta shi ne Waziri Giɗaɗo, ɗan'uwanta kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyuka sun cika da zawarawa da matan da ba su san ko hukuncin alwala ba. Asma'u ba za ta iya zuwa kowane ƙauye ba, matan aure kuma ba za su bar gidajensu su zo Sakkwato ba. Sai ta kafa tsarin 'Yan Taru.

Ta zaɓi dattawan mata amintattu, ta koyar da su, ta naɗa kowacce jaji da malfa da jan rawani, alamar da jama'a suka riga suka sani ta shugabancin mata. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata ƙanana zuwa wurinta, su karɓi darasi, su koma su koyar da waɗanda ke cikin gida. Darasin kuwa a waƙe yake, domin wadda ba ta iya karatu ba za ta iya haddacewa, ta rera tana daka ko kaɗi. Ta kuma mayar da wasu waƙoƙin Fulatanci zuwa Hausa, harshen mafi yawan matan. Sadakar da suke kawowa, ta hatsi da makamantansa, mabuƙata ake raba wa.

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon aikin, 'Yan Taru kuma suka wanzu har cikin ƙarni na 20.

A kwalejin horon malamai an koya mana tsara darasi, amma ba a koya mana yadda za mu samar da masu maye gurbinmu ba. Yawancin ƙungiyoyin taimako na zango da na sani, da mai su ya gaji ko ya ƙaura, shi ke nan sun watse. Kullum kukanmu rashin kuɗi, alhali Asma'u mutane ta fara ginawa.

Ni dai na zaɓi mata huɗu daga ajina. Duk ranar Asabar su kaɗai nake koyarwa, in Allah ya yarda bayan salla kowacce za ta buɗe aji a unguwarsu. Ina tsoron kada karatun ya yi rauni a hannunsu, amma na fi tsoron ya tsaya da ni. Allah ya jiƙan Nana Asma'u.