John Newton: Mai Fataucin Bayi da Alherin Allah Ya Same Shi

An haifi John Newton a Landan, babban birnin Ingila, cikin shekara ta 1725. Ubansa shugaban jirgin ruwa ne, uwarsa kuwa mace ce mai tsoron Allah. Ita ta koya masa karatu, ta kuma sa ya haddace ayoyi daga Littafi Mai Tsarki tun yana ɗan yaro. Amma ta rasu a 1732, yana gab da cika shekara 7. Da ya kai shekara 11 sai ya soma bin ubansa zuwa teku. Sannu a hankali ya yar da koyarwar uwarsa, har ya zama mai saɓo, mai yi wa bishara ba'a.

A 1744 aka kama shi tilas aka sa shi cikin jirgin yaƙi na Ingila. Ya gudu, aka komo da shi, aka yi masa bulala a gaban 'yan jirgi duka. Bayan wannan aka mai da shi wani jirgi mai zuwa bakin tekun Afirka ta Yamma. Ya sauka a wani tsibiri kusa da Saliyo, ya shiga barantakar wani mai fataucin bayi. Nan ya sha ciwo da yunwa da wulakanci, har bayin da ke cikin mari suka riƙa ba shi abinci a ɓoye saboda tausayi. Duk da haka zuciyarsa ba ta yi taushi ba.

Ubansa ya roƙi wani shugaban jirgi ya neme shi, aka kuwa same shi. Suna kan hanyar komawa Ingila, cikin watan Maris na 1748, sai babban hadiri ya auka musu da dare. Raƙuman ruwa suka fasa gefen jirgi, suka tafi da mutum guda. Newton yana ta faman kwarfe ruwa, sai ya ji bakinsa, wanda ya saba da zagin Allah, yana roƙon jinƙai. Abin ya ba shi mamaki, gama ya sani ba shi da wani abin kirki da zai nuna wa Ubangiji. Suka yi wajen mako huɗu a kan teku da ɗan abinci kaɗan kafin su kai gaci. A kwanakin nan ya karanta Sabon Alkawari, ya ga kamannin kansa cikin misalin ɓataccen ɗa na Luka sura 15.

Wannan ita ce ma'anar alheri. Lada abin da mutum ya yi wa aiki ne, alheri kuwa kyauta ce ga wanda bai cancanta ba. Haka Manzo Bulus ya koyar cikin Afisawa 2:8-9 da Romawa 5:8. Allah ne ya fara neman mai zunubi, Yesu Kristi kuma ya biya bashin a kan gicciye tun mai bashin bai roƙa ba.

Amma kada mu ɓoye sauran labarin. Bayan hadirin nan Newton bai bar fataucin bayi ba. Tsakanin 1750 da 1754 ya yi tafiya uku yana shugaban jirgin bayi, yana kwasar 'yan Afirka maza da mata da yara zuwa ƙetaren teku. Yana addu'a a sama, mutane ɗarurruwa suna kwance a ƙarƙashinsa cikin sarƙa. Ciwo ne ya raba shi da teku a 1754. Daga baya shi da kansa ya shaida a lokacin nan bangaskiyarsa ba ta kafu ba tukuna. Alheri bai mai da muguntar nan abu mai sauƙi ba, bai kuwa komo da waɗanda aka sayar gidajensu ba.

Sai dai Allah ba ya barin aikinsa a tsakiya. Titus 2:11-12 ya nuna mana alherin da ke kawo ceto shi ne kuma mai horonmu mu rabu da mugunta. Newton ya zauna a Liverpool yana nazarin Maganar Allah, a 1764 kuwa aka naɗa shi mai hidimar ikilisiya a garin Olney. Shi da abokinsa William Cowper suka buga littafin waƙoƙin yabo a 1779. A cikinsa ne waƙarsa ta alheri take, wadda ake rerawa cikin harsuna da yawa. Tushenta addu'ar Dawuda ce ta 1 Tarihi 17:16-17.

Da ya koma hidima a Landan, wani saurayi ɗan majalisa, William Wilberforce, ya zo neman shawararsa a 1785, yana tunanin barin majalisa. Newton ya ƙarfafa shi ya zauna ya bauta wa Allah a can. A 1788 ya buga ɗan littafi ya tona muguntar fataucin bayi, ya kuma furta nasa laifin a fili da kunya. A watan Maris na 1807 aka kafa dokar hana fataucin bayi cikin jiragen Ingila. Ya rasu ran 21 ga Disamba na shekarar nan, yana da shekara 82, ya kusa makancewa.

'Yan'uwa, wanda yake tsammani zunubinsa ya fi ƙarfin gafara, bari ya dubi mutumin nan ya zo wurin Kristi yau. Wanda kuwa ya riga ya karɓi alheri, bari ya bincika kansa. Wane zalunci ne muke yi wa maƙwabcinmu har yanzu, wanda al'adar zamani ta rufe mana ido a kansa? Mu roƙi Ruhu Mai Tsarki ya nuna mana shi, mu tuba tun da sauran lokaci.